Farfelar da Ta Tsayar da Ciniki a Singa

Kunnen ɗan kasuwar Singa ta Kano ya saba da jirgi. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana nan kusa, kuma a can sojojin sama ke horar da matuƙa da jiragen L-39, masu tsaga sama da ƙara. A wurinmu, haka jirgin yaƙi yake.

Ranar Alhamis 22 ga Yuli 2021, kwana biyu da Babbar Sallah, yaron shagonmu ya miƙo waya: jiragen yaƙi Super Tucano shida sun sauka a Kano daga Amurka, kowanne da farfela a hanci.

Maigidana, Alhaji, ya ajiye littafin bashi. "An cuce mu! Jiragen da Turawa suka fara saukewa a Kano a 1925 ma farfela gare su. Kusan dala miliyan 500 a kan guda 12?"

Maganar ta tsaya mini a rai, har ran da wani dattijo, tsohon makanikin sojan sama, ya zo sarin taliya.

"Baba, tsohon yayi aka sayo mana?"

"Ɗana, dubi bayan farfelar," in ji shi, yana nuna mini hoton jirgin. Ashe injin ba irin na mota ba ne. Dangin na jet ne: iska mai zafi ke juya shi, shi kuma ya juya fukafukan farfelar guda biyar. Kamfanin Embraer na Brazil ne ya zana jirgin, a Florida aka harhaɗa namu.

To me ya sa aka rage masa gudu? Dattijon ya ce in duba abokin faɗan. Mutum ne a kan babur cikin daji. Jet na wuce shi kamar walƙiya, ga shan mai. Wannan kuwa sai ya yi sa'o'i yana shawagi kamar shirwa.

"Ranka ya daɗe, kuɗin fa?" in ji Alhaji.

Dattijon ya ce akwai makamai a ciki, da horo, da kayan gyara. Sannan ya buɗo wani hoton, ya ɗora yatsa kan wata ƙwallo a ƙarƙashin jirgin. Kyamara ce mai ganin ɗumin jiki cikin dare, tana kuma haska wa bam hanya da leza. Nan hankalina ya fi karkata, don da ita ake fatan bambance ɗan bindiga da makiyayi.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙwallon, sannan ya kira ɗan dako ya ɗaukar wa dattijon kwalayensa.