Nas Ɗaya Ba Ta Iya Kwana A Kowane Ƙauye

A yawancin tarurrukan ƙungiyoyin manoma, in an gama zancen taki da iri, sai wani dattijo ya tashi ya ce a roƙa musu a aiko da nas garinsu. Roƙon daidai ne. Amma nas-nas kaɗan ne. Karatunsu yakan ɗauki shekara uku ko fiye bayan sakandare, waɗanda suka gama kuwa asibitocin birni da na ƙasashen waje suna ta jan su. To, yaya nas ɗaya za ta lura da ƙauyuka da yawa?

'Yan'uwanmu na Garkida, a Jihar Adamawa ta yanzu, sun gwada wata hanya tun shekarar 1974, a cikin shirin lafiyar karkara na Lardin Gabas. Ƙauye ne da kansa yakan kafa kwamitin lafiya, ya zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya, mutanen kirki masu zama a garin. Sai a koya musu aiki wata uku a Garkida. Yawancin koyarwar ta hanyar ba da labari aka yi ta, gama mutumin ƙauye yakan riƙe labari fiye da lacca. Da suka komo gida sai su riƙa maganin ƙananan ciwo, suna koya wa jama'a zancen ruwan sha, da shadda, da abincin yara. Bayan shekara huɗu, a 1978, ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya daga irin wannan mataki ya kamata ya fara.

Abin da mutane sukan manta shi ne, mai aikin lafiya na ƙauye reshe ne, ba gindin itace ba. Gindin ita ce nas. In ta zo zagaye, ba maganin marasa lafiya kaɗai ya kawo ta ba. Za ta buɗe littafin da ake rubuta sunayen masu zuwa, ta ga ko zawo ya yi yawa a unguwa ɗaya, sa'an nan ta tambayi rijiyar da suke sha. Za ta ƙirga magani, ta fitar da wanda kwanansa ya wuce. Za ta zauna gefe ta ga yadda mai aikin yake duba yaro, in akwai gyara ta yi masa bayan mutane sun watse, ba a gaban jama'a ba. Nas da take tsawa a gaban mutane ta kashe amincin da ƙauye yake da shi ga ɗansu, gobe kuwa ita ba ta nan.

Babban aikinta shi ne ja masa iyaka. Yaron da yake suma ko jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da dukan abin da aka ba shi, ba na ƙauye ba ne. Haka mace mai ciki da take zubar jini, ko fuskarta ta kumbura tana ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta wuce awa 12. Waɗannan sai asibiti nan da nan. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'ida ta raba waɗansu ayyukan likita da na nas ga ƙananan ma'aikata da aka horar, amma da sharaɗin a riƙa duba aikinsu.

Mu manoma muna da namu laifi a nan. Mun ɗauka in ba a yi allura ba, ba a yi magani ba. Sai mu matsa wa mai aikin, mu ce ya raina mu, har ya yi abin da ba a koya masa ba. Alhali yaro mai zawo, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ne suke cetonsa, zazzaɓi kuma a gwada jini tukuna a ga ko na cizon sauro ne.

Shugabancin nas ba ya tafiya in ba mai ɗauke mata wani kaya. Surukin Musa ma ya gargaɗe shi kada ya ɗauki shari'ar jama'a shi kaɗai. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin taki tana iya ware buhu ɗaya ko biyu bayan girbi domin asusun kai marar lafiya asibiti, a kuma shirya tun da wuri da wani mai mota ko babur wanda za a iya tashe shi da dare. Mai aikin lafiya kuwa manomi ne kamarmu. In yana ɗakin magani ciyawa tana cin gonarsa, ba zai daɗe ba zai bar aikin. Gayya ɗaya a noman fari, ɗaya a maimai, ta ishe shi.

Ranar zuwan nas, bari shugaban kwamiti da uwar Zumuntar Mata su kasance a wurin, su ji abin da ta gani a littafin. A roƙe ta ta rubuta ranakun zagayenta na damina tun kafin rafuka su cika, a karanta su cikin sanarwa ranar Lahadi, a kuma kai wa mai unguwa da liman domin matan dukan garin su sani.