Kunun Goyo: Ku Duba Kaurinsa

Bayan girbin shinkafa mun zaga ƙungiyoyin manomanmu na ƙasar Bagudo, tun daga Illo har Lolo da Tsamiya a bakin iyakar ƙasar Benin. Rumbuna cike suke. Ga gero da dawa, ga wake da gyaɗa, ga kifin Kwara ana banda. Amma a gidaje da dama mun tarar da yara 'yan wata tara ko goma sun rame, gashinsu ya yi ja, ba su da kuzari. Abin ya dame mu ƙwarai, gama ba rashin abinci ne a gidan ba.

Muka riƙa tambaya, me ake ba yaron ban da nono? Amsa ɗaya ce: koko ko kunu. Da muka ce a nuna mana, sai mu ga tsararo ne, kusan ruwa zalla. Wata tsohuwa ta ce mana, "Malam, ai hanjinsa bai yi ƙwari ba, mai kauri zai shaƙe shi." Muka ce, "Inna, nufinki mai kyau ne, amma da yunwa jikanki yake kwana."

Ga dalili. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ba jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Daga nan nono shi kaɗai ba ya isarsa, domin jikinsa ya ƙaru, kuma sinadarin ƙarin jini da aka haife shi da shi ya soma ƙarewa. Sai a haɗa masa da abinci, ana ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. To, amma cikin yaro ƙarami ne, abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofin shayi guda ba. In an cika wannan kofi da ruwa, ina wurin abinci? Yaro zai yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali kuwa jikinsa bai sami kome ba. Mu manoma mun san wannan: ba wanda zai ba san noma ruwan dusa kawai ya sa ran zai ja garma.

Gwajin mai sauƙi ne. A ɗebi kunun da cokali a karkata. Idan ya zube nan take, ya yi ruwa. Idan ya tsaya a cokali yana saukowa a hankali, ya yi daidai. A fara da cokali 2 ko 3, sau biyu ko uku a yini. Daga wata 9 a kai sau uku ko huɗu, ana ƙara yawansa. In ya tofar ran farko, ba ƙi ya yi ba, koyo yake yi.

Kauri kaɗai ma bai isa ba, sai an ƙara abin gina jiki. Akwai garin da ake kira Tom Brown: mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken soya, mudu 1 na gyaɗa. A tsince, a soya kowanne dabam, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Waken soya ba ya wuyar samu, maƙwabtanmu na wajen Segbana suna nomansa. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci kuwa a zubar, tana ɓata hanta. Wadda ba ta da waken soya ta daka busasshen kifi lukui, ta tankaɗe ƙaya, ta zuba cokali guda a kunu. A ɗiga manja ko man gyaɗa, a sa garin zogale, a murƙushe kabewa ko dafaffen wake. Ƙwai ma a ba shi. Maganar nan ta cewa ƙwai yana koya wa yaro sata, ba mu san inda aka samo ta ba, amma mun san ta hana yara da yawa abincin kirki. Zuma kuwa a dakata da ita sai ya cika shekara.

Sai mu juyo kanmu, maza. Da damina uwa tana fadama tun safe, goyo yana hannun yayarsa da kwanon kunun da aka dama tun asuba. Kafin azahar ya lalace, ƙuda sun sauka, sai zawo, mu ce haƙori ne. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye sai an sake tafasa shi, a wanke hannu da sabulu, a ba yaro da cokali da kwanonsa na kansa. Wannan yana bukatar lokaci, kuma maigida ne zai ba uwa lokacin. Haka nan shi ne yake kai gyaɗa da kifi kasuwa gaba ɗaya don naira ko sefa, ba ya rage na goyo.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya, a taronta na gaba, ta ware mudu 10 na haɗin nan daga amfanin bana, zumuntar mata su soya su niƙa tare, a raba wa masu goyo. A gayyato kakanni su ga yadda ake damawa, gama sau da yawa su ne riƙe da ludayin. Ran awo kuma a kai yaro asibiti da katinsa. Idan wata biyu suka wuce nauyinsa bai ƙaru ba, ko ƙafafunsa suka kumbura, kada a jira ranar kasuwa, a kai shi a ranar.