Canjin lagireto a gida: abin da ya kamata ɗalibi ya sani

A yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan, motoci irin su Hilux da Land Cruiser ba na ado ba ne. Su ke shiga gonakin rake da na tumatir ta hanyoyin da ƙaramar mota ba ta iya bi. Idan irin wannan mota ta yi zafi da kaya a bayanta, tumatir ba ya jiran makanike. Sau da yawa kuma matsalar daga lagireto take.

Inji na aiki ne a zafin da ya kai kusan digiri 90. Ruwa na zagayawa cikinsa yana kwaso zafi, ya bi ta tiyo ya shiga lagireto, inda iska da fanka ke sanyaya shi a cikin siraran bututu. Ka tuna a darasin Fiziks an ce ruwa na tafasa a digiri 100? Murfin lagireto na danne ruwan, har sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Shi ya sa buɗe murfin mota mai zafi yake da haɗari: matsin na saki, ruwan ya tafasa nan take ya watso a fuska da hannu. Kada a taɓa shi sai injin ya huce sarai.

Yaushe ake canzawa? Idan lagireto ya tsage, ko yana yoyo bayan an sha liƙe shi, ko tsatsa ta toshe cikinsa. Wasu direbobi kan zuba sabulu ko ɗanyen ƙwai don tsayar da yoyo. Hakan na iya ƙara toshe bututun. Sabo ko na hannu ana samu a Sabon Garin Zariya ko Ƙofar Ruwa a Kano, amma a tafi da tsohon a gwada, don bakin tiyo da mazaunin kusoshi su dace.

Aikin kansa na buƙatar sifana, filaya, sukundireba da roba mai faɗi, sannan babba wanda ya san mota ya tsaya a kai. Da farko a cire wayar batir, kada fanka ta tashi. A ɗauki hoto da waya kafin a kwance komai, zai taimaka wajen mayarwa. A tsiyaye ruwan ta ƙasa, a cire tiyon sama da na ƙasa, sannan rumfar fanka da kusoshin da suka riƙe lagireton. Mota mai giyar otomatik tana da ƙananan bututun man giya guda 2 a jikinsa, a toshe su kada man ya zube. A ɗaga tsohon a hankali, a zaunar da sabon, a ɗaure komai.

Saura ruwa. Na rijiya yana barin gishiri da tsatsa a ciki, don haka ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan ya fi. Sai dai yana da zaƙi kuma guba ne: kada a bar tsohon inda yara, awaki ko kaji za su kai. Bayan an cika, a tayar da injin na ɗan lokaci iskar da ta maƙale ta fita, a duba yoyo, washegari a ƙara ruwa idan ya ragu.

Ganyen rake da ƙurar hunturu kan toshe gaban lagireto, sai a riƙa wanke shi da ruwa marar ƙarfi. Kula da shi ya fi sauƙi a kan gyaran injin da ya ƙone.

Ɗalibi ko ɗaliba mai sha'awar wannan fanni, akwai sashen injiniyanci a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Kwalejin Nuhu Bamalli, duk a Zariya. Kafin lokacin, idan Baba ko Yaya ya buɗe gaban mota a hutun nan, matso kusa ka riƙe masa sifana.