Labarin Bruce Onobrakpeya, Mai Ɗab'in Zane da Ya Koyi Sana'a a Zariya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, duk wanda ya taɓa riƙe wasiƙar Sarkin Gwandu ko ta Sarkin Kabin Argungu ya san hatimi. Akan sassaƙa rubutunsa a juye, a shafa tawada, a danna bisa takarda, sai ya fito daidai. To, akwai masu zane waɗanda suka mai da wannan hikima sana'a. Sukan sassaƙa zane a jikin katako ko faifan ƙarfe, su shafa tawada, su matse takarda a kai, allo guda ya haifi kofe masu yawa. Daga cikin shahararrunsu a Nijeriya akwai Bruce Onobrakpeya.

An haife shi a Agbarha-Otor, ƙasar Urhobo, cikin 1932. A 1957 ya zo Zariya ya shiga babbar kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A lokacin nan yawancin malaman zane Turawa ne, koyarwarsu kuwa bisa tsarin Ingila take. Sai a 1958 shi da abokansa, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya. Manufarsu ita ce su karɓi dabarun Turai amma su gina aikinsu bisa zane-zanen kakanninsu.

Da ya ƙare karatu ya koma Ikko, ya yi koyarwa a makarantar St. Gregory daga 1963 har 1980. Shi ne ya yi zanen littafin Cyprian Ekwensi na 1962, wanda labarinsa ya yi kama ƙwarai da na Jiki Magayi.

Babban abin da ya ɗaga sunansa ya faru ne a 1967. Yana cikin gyaran faifan ƙarfe da ruwan asid, watau ruwa mai cin ƙarfe, sai ruwan ya yi ƙarfi ya ɓata faifan. Maimakon ya yar da shi, sai ya cike ramukan da wani irin danƙo mai daskarewa. Da ya buga, zanen ya fito da tudu da kwari, irin wanda ba a saba gani ba. Daga ɓarnar nan ya fitar da sabuwar hanyar ɗab'i, wadda ya riƙa aiki da ita shekaru masu yawa.

Sunansa ya kai Amurka. A 1975 ya zauna a makarantar sana'a ta Haystack, a jihar Maine, inda gwanaye ke taruwa suna koya wa juna. Ya kuma yi jerin ayyuka a kan mutanen Sahel da kwararowar hamada. A 1998 ya buɗe taron koyar da sana'a na shekara-shekara a garinsu, ya sa masa sunan hunturu. A 2006 aka ba shi lambar girma ta UNESCO, wadda ake ba wanda ya riƙe wata hikima a kansa yana koyar da ita.

Malamai sun yi magana a kan hukuncin zanen mai rai, wannan kuwa fagensu ne. Abin lura a nan shi ne riƙon sana'a da isar da ita. A Birnin Kabi da Argungu akwai masu zayyanar allo, da dukawa, da marina, da maɗinkan aska takwas. Kayan da suke Gidan Tarihi na Kanta shaida ne cewa magabata gwanaye ne. Amma in gwani ya rasu bai bar almajiri ba, hikimarsa ta bi shi kabari, kasuwarta kuma ta koma hannun wasu. Ya kamata attajirai su taimaki masu koyarwa, gwanaye kuma su saki hannu ga yara.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba masu koyo haƙuri. Amin.