Karamci: Daga Zaure Zuwa Zuciya

Yau a shirinmu kalma ɗaya muka ɗauko, wato karamci. Daga Larabci muka aro ta, 'yar gida ɗaya ce da karimi da karrama, amma ta daɗe da zama tamu.

Da yawa sukan ɗauka karamci shi ne kyauta. Ba su yi nisa ba, sai dai akwai saura. Attajiri yana iya miƙa maka buhun masara fuska a murtuke, gobe ya bi ka da gori. Wannan ya yi kyauta, amma ba wanda zai ce masa mai karamci. Shi ya sa Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Bature Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a nan Zariya, ya lura da haka. A nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa karamci cikin halaye goma, tare da gaskiya, amana da kunya.

To, mu nan Zariya mun fi kowa damar ganin ɗaya fuskar kalmar. Sabon Gari saboda baƙin da jirgin ƙasa ya kawo aka kafa shi. Samaru kuwa, tun buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 take karɓar 'ya'yan mutane daga ko'ina. Ka dubi dattijuwar da ta ba ɗalibi ɗan Kudu hayar ɗaki. Ran Sallah sai ga yarinya da kwanon nama a ƙofarsa: "Wai in ji Inna, ga naka." Ba ta tambayi addininsa ba, ba ta ce sai ya iya Hausa ba. Idan ya zauna a zaure ya faɗi ra'ayin da ya saɓa wa na maigida, a bar shi ya kai aya kafin a ba shi amsa. A ganina nan ne karamci ya fi wuya, domin buɗe rumbu ya fi buɗe ƙirji sauƙi.

Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar ke ƙuntata a bakinmu. Yanzu in ka ji an ce za a karrama wani, sai hankalinka ya tafi ɗakin taro da lambar yabo, alhali iyayenmu baƙon da ya sauka da daddare ba sanarwa suke nufi.

Bayan wannan ɗan hutu za mu ɗora da rowa da ƙyashi. Ku biyo mu.