Gudun Duniya a Sararin Samaniya: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Tun 2012 wani bidiyo ke yawo a intanet, yana nuna rana tana sheƙa gudu, duniyoyi suna murɗawa a bayanta. Masu tura shi a WhatsApp kan ce wai wannan ce gaskiyar da aka ɓoye mana a makaranta. Ga abin da ya tabbata da wanda bai tabbata ba.

Rana ma tafiya take yi. Gaskiya ne. Tana kewaya tsakiyar gungun taurarinmu, wato Milky Way, da gudun kusan kilomita 230 a daƙiƙa, kuma zagaye ɗaya kan ɗauke ta shekara miliyan 230 ko kusa da haka. Ba wanda ya ɓoye wannan. Yana cikin littattafan ilimin taurari.

Duniyoyi a bayan rana suke, tana jan su. Ƙarya ne. Hanyar da duniyoyi ke bi wajen kewaya rana a karkace take da kimanin digiri 60 daga shimfiɗar gungun taurarin. Saboda haka duniyarmu takan kasance gaban rana a wani ɓangare na shekara, ta koma bayanta a wani.

Da duniya na gudu, da mun ji a jikinmu. Ba haka ba ne. Tana kewaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, amma jiki ba ya jin gudun da ba ya canzawa. Burki da fizga yake ji. Shi ya sa fasinjan jirgin sama ke shan shayinsa ba tare da ya zube ba.

Zafi na zuwa ne idan mun matso kusa da rana. Wannan ma kuskure ne. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, lokacin da sanyin hunturu ke kaɗa mutanen Kano da Damagaram. A Yuli nisan kan kai miliyan 152. Karkatar duniya da digiri 23 da rabi ce ke kawo sauyin yanayi.

Gungun taurarin Andromeda zai yi karo da namu. Akwai ƙamshin gaskiya. Yana matsowa da kusan kilomita 110 a daƙiƙa, sai dai haskensa ma kan yi shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu. Ko za a haɗu, sai bayan biliyoyin shekaru, kuma tazarar da ke tsakanin taurari ta sa da wuya biyu su gwabza.