Idon ƙaguwa

A ƙasar Arewa babu kogi, sai tabkuna na damina. Shi ya sa yaran Dogon Dutsi da na Tibiri ba su saba ganin ƙaguwa ba. Amma wanda ya je Gaya, bakin kogin Isa, yana iya ganinta.

Ƙaguwa tana da ƙafafu 10. Biyu na gaba da su take kama abinci. Ba ta da wuya, ba ta iya waiwaye. Idanunta biyu suna bisa ƴan sanduna, sandunan nan su ne ke motsi.

A shekara ta 1964, masana biyu a Birtaniya, Horridge da Sandeman, suka yi wani gwaji. Suka sa ƙaguwar teku a tsakiyar babban gwangwani mai zane fari da baƙi. Suka yi ta juya gwangwanin. Sai idanunta suka bi zanen sannu sannu. In sun kai iyaka, sai su komo farat ɗaya, su sake bi.

Mine ne amfanin wannan? In ƙaguwa ta juya, sai kome da ke gabanta ya yi kamar yana gudu: ciyawa, duwatsu, bakin ruwa. Idanunta sai su bi su, har ta gan su tsaye cik. A nan ne take gane abin da ke motsi da gaske. In zalɓe ne ya taho, sai ta ruga rami. In ta makara, ta zama abincinsa.

Idon mutum ma haka yake. Yaro ya shiga mota daga Dogon Dutsi zuwa Doso, yana kallon itatuwa. Idonsa yakan bi itace guda, ya komo da sauri, ya kama wani. Shi bai sani ba, amma na kusa da shi yana gani.

Tambayoyi
1. Ina ake samun ƙaguwa a jihar Doso?
2. Don mi ƙaguwa ba ta waiwaye?
3. Yaya take gane zalɓe ya taho?

Aiki
Yaro ɗaya ya kafa ido ga yatsansa, ya juya kai dama da hagu. Abokinsa ya duba idanunsa, ya faɗi abin da ya gani.